Yadda Aka Gano Aikin Rana a Ƙololuwar Sama

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, masana sun ɗauka muddin ana hawa sama, iska sai ƙara sanyi take yi har inda ta ƙare. Wani Bafaranshe, Léon Teisserenc de Bort, ya yi shekaru yana sakin balan-balan ɗauke da ma'aunin zafi daga garin Trappes, kusa da Paris. A 1902 ya fito da sakamakon da ya rushe wannan zato: daga wajen kilomita 11, sanyin tsayawa yake yi cik.

A daidai lokacin rediyo ma ya ɗaure wa masana kai. A Disambar 1901 Marconi, yana Newfoundland, ya ce ya kama saƙon da aka turo daga Poldhu a Ingila, tazarar fiye da kilomita 3,000. Igiyar rediyo miƙe take tafiya, duniya kuwa a dunƙule take, to ta ina saƙon ya bi? Arthur Kennelly a Amurka da Oliver Heaviside a Ingila, kowa ta gefensa, suka ce lalle akwai wata shimfiɗar iska mai lantarki a sama da ke maido da igiyar ƙasa. Maganar ta zauna a matsayin hasashe har 1924, lokacin da Edward Appleton da ɗalibinsa Miles Barnett suka yi gwaji da tashar BBC ta Bournemouth, suka gano shimfiɗar a wajen kilomita 100. Aikin ya kai Appleton ga kyautar Nobel a 1947.

Amma a ganina wanda ya fi cancanta a riƙa tunawa shi ne Sydney Chapman, don shi ya fayyace yadda rana ke haddasa abubuwan biyu. A 1930 ya nuna cewa wani haskenta da ido ba ya gani yana raba ƙwayar oksijin gida biyu, kowane ɓari ya manne wa wata cikakkiyar ƙwayar, sai a sami ozon. Shi kuma ozon yana shanye wannan haske, ya ɗumama iskar da ke kewaye da shi. Shi ya sa daga sanyin kusan digiri 56 ƙasa da sifili, ana kaiwa kilomita 50 sai ma'auni ya koma kusa da sifili. A 1931 ya ƙara da lissafin yadda haske mafi ƙarfi ke fizge ilektiron daga ƙwayoyin iska can sama, ya bar ta da lantarki. A wannan yanki zafi kan wuce digiri 1,000, sai dai iskar ta yi siriri ƙwarai, ba ta iya ƙona komai.

Duk mai kunna rediyo ya san ƙarshen labarin ko bai san sunansa ba. Shimfiɗar lantarkin ba ɗaya ba ce: wadda ta fi kusa da mu, tsakanin kilomita 60 da 90, da rana tana haɗiye matsakaicin zango. Rana na faɗuwa sai ta baje, tashoshin nesa su fara shigowa garau. A kan gajeren zango kuwa, wanda Sashen Hausa na BBC ya hau tun 1957, dole injiniyoyi su sauya mita tsakanin shirin rana da na dare, su sake lissafi kuma yayin da ƙarfin rana ke hawa da sauka duk bayan kimanin shekara 11.