Bargon jariri na hannu

Bargon jariri na hannu ƙaramin bargo ne da ake ɗinkawa ko a saƙa a gida domin a ba da shi kyauta idan an yi haihuwa. Iri biyu ne suka fi shahara: bargon ɗinki mai hawa uku, wanda ake kira kwilt da Ingilishi, da bargon ulu da ake saƙawa da kwarashi. Al'adar ta yi ƙarfi a Amurka da Birtaniya, inda kaka ko gwaggo ko ƙawar mai ciki kan fara aikin watanni kafin haihuwa. A Amurka akan miƙa shi ne a walimar da ake shirya wa mai ciki gab da ta sauka. Tun daga shekarun 1990 shawarar likitoci kan barcin jarirai ta sauya yadda ake amfani da irin wannan bargo.

Yadda ake yin sa

Kwilt yana da hawa uku: fuska, da ciko, da baya. Fuskar ita ce ke cin lokaci, domin ƙananan ƙyallaye ake yankawa murabba'i ko mai kusurwa uku, a harhaɗa su har su ba da zane. Cikon auduga ce da aka shimfiɗa, ko zaren roba mai laushi, bayan kuwa yadi ne guda. Sai a ɗora su kan juna a bi da ɗinki, da hannu ko da keke, don kada audugar ta dunƙule idan an wanke, a ƙarshe a kalmashe baki. Na gadon jariri yakan kai kimanin santimita 90 a faɗi da 130 a tsawo. Masu ɗinki da yawa suna wanke yadin kafin su yanka, saboda yadin auduga yana tsukewa, wani kuma yana zuba.

Bargon kwarashi ya fi sauƙin koyo, tunda ulu da kwarashi guda kawai yake bukata. Wasu suna saƙa shi a jere daga gefe zuwa gefe. Wasu kuma suna saƙa ƙananan murabba'ai daban-daban, kowanne daga tsakiya zuwa waje, sannan su haɗe su. Salon murabba'an ya yi tashe a shekarun 1970, kuma yana da wani amfani: mutane da yawa za su iya raba aikin bargo ɗaya, kowa ya kawo nasa yanki. An fi zaɓen zaren auduga ko na akirilik, domin suna jure wanki a kai a kai, abin da kayan jariri ba sa rabuwa da shi.

Tarihi

A ƙarni na 19 matan Amurka sun riƙa ɗinka ƙananan kwilt na gadon yara, suna rage girman zanen manya ya dace da ɗan fili. Masu tara kayan tarihi suna daraja na al'ummar Amish ta jihar Fensilbaniya, waɗanda aka yi da yadi marar zane mai launi mai ƙarfi. Saƙar kwarashi ta bazu a Turai a wannan ƙarni, kuma a Ailan ta zama hanyar samun abinci ga iyalai da dama a lokacin yunwar da ta fara a 1845. Kalmar kwarashi ta Hausa ta shigo ne ta Ingilishi, asalinta kuwa kalmar Faransanci ce mai ma'anar ƙaramar ƙugiya.

Al'adar ba ta Turawa kaɗai ba ce. A yankin Bengal na Indiya da Bangaladash mata suna ɗora tsofaffin zannuwan sari kan juna su ɗinke, a sami mayafin da ake kira kanta, kuma an fi son tsohon yadi ga jariri saboda wanki ya riga ya tausasa shi. A Sin akwai al'adar karɓo ƙyalle daga gidaje ɗari a haɗa wa yaro riga ko bargo, da nufin albarkar gidajen ta bi shi. A ƙasar Hausa ɗinkin kwilt bai zama al'ada ba, amma mata suna saƙa wa jarirai hula da safa da rigar sanyi da shawul da ulu, musamman a lokacin hunturu, kuma sukan shiga cikin kayan barka da na suna.

Ƙungiyoyin sa kai

A 1995 wata mata mai suna Karen Loucks ta kafa Project Linus a birnin Denba na jihar Kolorado, bayan ta karanta labarin wata yarinya mai ciwon daji da bargonta ya taimake ta jure magani. An ɗauko sunan daga Linus, yaron da ba ya rabuwa da bargonsa a zanen barkwanci na Peanuts na Charles Schulz. Ƙungiyar tana karɓar sababbin barguna na hannu masu wankuwa, tana raba su ga yara marasa lafiya ko waɗanda wata masifa ta afka wa, har da bakwaini da ke kwance a asibiti. Tana da rassa a faɗin Amurka, akwai kuma takwararta a Birtaniya.

Lafiyar jariri

A 1992 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rub da ciki, domin rage mutuwar fuju'a a cikin barci, kuma a 1994 aka fara gangamin wayar da kai na kwantar da su rigingine. Shawarwarin da suka biyo baya, har da wadda aka sabunta a 2022, sun ce kada a sa bargo ko kwilt ko matashi ko wani abu mai taushi a wurin barcin yaro har ya cika shekara ɗaya. Dalilin shi ne jariri ba ya iya ture abin da ya rufe masa hanci, kuma bargo mai kauri yana iya sa jikinsa ya yi zafi fiye da kima. A Birtaniya shawarar ta ɗan bambanta: an yarda da mayafi marar nauyi, muddin ƙafafun yaro suna ƙarshen gado, an soke gefen mayafin ƙarƙashin katifa, kuma bai wuce kafaɗarsa ba. Kwilt dai a can ma an hana shi kafin shekara ɗaya.

Wannan ya sa kyautar da aka yi watanni ana ɗinkawa ba ta shiga gadon da aka auna ta dominsa sai daga baya, abin da masu bayarwa ba duka suka sani ba. Iyaye sukan shimfiɗa ta a ƙasa yaro ya yi wasa a kai ana kallonsa, ko su lulluɓe shi da ita yana hannu, ko su rataye ta a bango. Masu saƙa kuma suna guje wa maɓalli da duwatsun ado da dogayen igiyoyi, waɗanda yaro zai iya haɗiyewa ko su naɗe shi, suna kuma matse saƙar don kada yatsa ya maƙale a rami.