Illo: Tsohon Birnin Bargu a Bakin Kwara

A yammacin kogin Kwara, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, dab da iyakar Jamhuriyar Benin, akwai gari mai suna Illo. Baƙon da ya shige shi yau zai ga manoma da masunta da 'yan kasuwa, ya ɗauka ƙauye ne da ya bunƙasa. Alhali Illo ɗaya ne daga cikin manyan biranen sarauta uku na ƙasar Bargu, kuma ya daɗe yana zaman ƙofar da ƙasar Hausa ke bi ta fita yamma.

Bargawa suna danganta sarautarsu da Kisra, wani shugaba da suka ce ya taso daga gabas da jama'arsa har ya iso bakin Kwara. A ruwayar da ta fi yaɗuwa, 'ya'yansa uku ne suka raba ƙasar: Woru ya zauna Busa, Sabi ya kafa Nikki, Bio kuma ya riƙe Illo. Busa ke da girman yayantaka, Nikki ta fi faɗin ƙasa da yawan mayaƙa, Illo kuwa aka bar mata tsaron arewa, inda Bargu ta yi iyaka da Dandi da Kabi. Ba ƙaramin aiki ba ne wannan. Wajen shekarar 1505 Askiya Muhammadu na Songhai ya kawo wa Bargu yaƙi, ya koma da asarar mayaƙa masu yawa, kuma bayan shekaru ɗari uku jihadin Sakkwato ma bai haɗiye ƙasar ba.

Babban abin tarihin Illo shi ne mashigin kogi. Garin yana ɗan nesa da ruwa, tasharsa kuwa ita ce Giris, inda ake fito. Nan ayarin fatake masu zuwa Gwanja suke yada zango. Sukan taso daga Kano ko Sakkwato ko kasuwar Jega da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da jan fata da rinannun tufafi. Madugu ne shugaban tafiya, jagaba na gaba yana duba hanya, uban dawaki na kula da sasantawa da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. In an iso bakin ruwa sai a sauke kaya, a yi ciniki da masu jirage, a biya kuɗin fito, a kai wa sarki gaisuwa. Daga nan a miƙa ta Kandi da Jugu da Sansanin Mango da Yandi, har Salaga, babbar kasuwar da goron dazuzzukan Asante ke sauka. Zuwa da dawowa kan ci watanni, wani lokaci shekara guda. Goron da aka raba a ɗaurin aure da suna a biranen Hausa, mai yawa daga cikinsa ta irin waɗannan mashigai ya haye.

Wannan zirga-zirga ce ta tara wa yankin jama'a iri-iri. Ga Bargawa masu sarauta, ga Kyangawa da suka daɗe a ƙasar, ga Dandawa da Zabarmawa, ga Fulani da dukiyarsu, ga Sarkawa a kan ruwa, ga Hausawan da fatauci ya kawo suka yi gida. Har yau ba abin mamaki ba ne ka ji mutum ɗaya yana juya harshe uku a kasuwa, kuma akwai gidajen da ke da dangi a Segbana ko Malanbil, can tsallaken iyaka a Benin.

Zuwan Turawa ne ya sauya wa garin matsayi. A 1894 Bature Lugga, yana wa kamfanin Ingila na Royal Niger aiki, ya yi rige-rige da Faransawa zuwa Nikki don ƙulla yarjejeniya. A 1897 sojojin Faransa suka kafa sansani a Busa. Da rikicin ya kusa zama yaƙi, ƙasashen biyu suka zauna a Faris ranar 14 ga Yunin 1898 suka raba Bargu gida biyu. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Da Giris ma aka auna iyakar: an tsayar da ita a bakin kogi, mil goma sama da tashar. Ba a jima ba Turawan Ingila suka cire Illo daga Bargu suka haɗa ta da masarautar Gwandu. Sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyowa ta teku da Ikko, ayari ya ɗauke ƙafa. Garin da ke tsakiyar hanya ya wayi gari a bakin iyaka.

'Yan'uwan Illo biyu kowacce da yadda ta ƙare. Nikki ta riƙe fadarta, kuma bikin Gani da ake yi can duk shekara yana tara mahaya da baƙi daga Benin da Nijeriya. Tsohuwar Busa kuwa ruwan madatsar Kainji ya shanye ta a 1968, aka mai da mutanenta sabon gari. Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Illo tana nan a mazauninta, da fadarta da mashiginta da fadamunta na shinkafa, amma mafi yawan tarihinta yana bakin dattawa da makaɗan fada, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Don haka kira nake ga masarautar Gwandu da Gwamnatin Jihar Kebbi da malaman tarihi na jami'o'inmu na Birnin Kebbi da Sakkwato, su zo su naɗi muryoyin waɗannan bayin Allah, su rubuta jerin sarakunan garin, su sa alama a tsoffin zangunan fatake. Mu kuma 'yan yankin, daga Kurgu har Lolo, kowa ya zauna da kakansa ya tambaye shi, ya rubuta abin da ya ji tun yana da mai gaya masa. Allah Ya raya Illo, Ya zaunar da iyakarmu lafiya.