Sakan Goma Kafin Hoto: Tarihin Ɗakin Sakin Shirye-shiryen Talabijin



Duk wanda ya zauna gaban akwatin talabijin a shekarun baya ya san fuskar mai karanta labarai, ya san 'yan wasan kwaikwayo, har yakan kira su da sunayensu kamar 'yan unguwarsu. Amma akwai wani ɗaki a kowane gidan talabijin wanda mai kallo bai taɓa ganin cikinsa ba, ko da yake duk abin da ya gani ta nan ya biyo. Shi ne ɗakin sakin shirye-shirye, watau inda ake ƙulla wannan shiri da wancan, a saka talla da sanarwa a tsakani, sa'an nan a miƙa wa na'urar watsawa. Abin da nake so in nuna muku yau shi ne, kwararar nan da mai kallo ya ɗauka kamar ruwan famfo ce, aikin hannu ne na mutane ƙalilan, kuma da sakan ake auna shi.

Asalin al'amarin a ƙasar nan

Talabijin ta fara aiki a Nijeriya ran 31 ga Oktoba 1959, sa'ad da gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe tasharta a Badun. Jihar Gabas ta biyo baya a Inugu cikin 1960. A Arewa kuwa, gwamnatin Sardauna ta haɗa gwiwa da kamfanoni biyu na Ingila, Granada da EMI, aka kafa kamfanin watsa labarai na Arewa, tasharsa ta Kaduna ta soma aiki a watan Maris 1962. Tun da yake na'urori da masu koyarwa na farko yawancinsu daga Ingila suka zo, tsarin aikinmu ya ɗauko salon can ƙwarai. Saboda haka zan riƙa kawo misalai daga ƙasashen biyu.

Yadda ɗakin yake

Ɗaki ne mai duhu da sanyi, kuma don na'urori aka yi sanyin, gama zafi da ƙura su ne manyan abokan gabarsu. A bango an jera ƙananan akwatunan kallo, kowanne yana nuna abin da ke zuwa daga wani wuri: wannan daga ɗakin labarai, wancan daga injin fim, wancan daga injin tef. Ɗaya a cikinsu ya fi sauran daraja, shi ne mai nuna abin da ke fita zuwa gidajen jama'a a wannan lokacin. A gaban waɗannan akwai teburi mai maɓallai, da babban agogo, da jadawalin ranar wanda aka buga da tafireta, an rubuta lokacin farawar kowane abu da tsawonsa har zuwa sakan.

Mai jan ragamar ɗakin yana magana da masu injuna ta wayar cikin gida, don sau da yawa suna wani ɗaki dabam, ba ya ganinsu. A gefe kuma akwai wani ɗan ƙuƙumin ɗaki da gilashi ya raba, inda mai sanarwa ke zaune. Shi kaɗai ne jama'a suka sani a cikin ƙungiyar, aikinsa kuwa ya wuce faɗin sunan shiri mai zuwa. In shiri ya ƙare da saura sakan 40, shi zai cike gurbin da magana mai ma'ana. In lokaci ya ƙure, sai ya dunƙule zancensa cikin numfashi ɗaya.

Fim da lissafinsa

A shekarun farko, abin da ba a yi shi kai tsaye ba, akasari a fim yake zuwa, mai faɗin milimita 16. Akwai injin da ke haska fim ɗin cikin idon kyamara, ya mai da shi hoton talabijin. Fim ɗin silima hotuna 24 yake gudu a sakan ɗaya, amma tsarin talabijin da muka ɗauka, mai layi 625, hotuna 25 yake bukata. Saboda haka sai a ɗan ƙara wa fim sauri, wanda ya kai minti 100 a silima ya ƙare a minti 96. Ma'aikacin da ya manta da wannan, ya kwafi tsawon da aka rubuta don silima, zai wayi gari da ramin minti huɗu a jadawalinsa.

Doguwar tatsuniya ba ta shiga naɗi ɗaya, dole a raba ta tsakanin injuna biyu. Masu yin fim sukan sa ɗan ɗigo a kusurwar sama ta dama. In ya ɓullo karo na farko, saura kamar sakan takwas naɗin ya ƙare, sai a tada inji na biyu. In ya sake ɓullowa, sai a juya gare shi. Wanda ya ƙifta ido a daidai wannan lokaci, jama'a za su ga farin allo ko lambobin ƙidaya suna wucewa.

Zuwan tef

A 1956 kamfanin Ampex na Amurka ya fito da injin ɗaukar hoton talabijin a tef mai faɗin inci biyu. Inji ne babba, ya kusa kai girman kabad ɗin tufafi, yana da kawuna huɗu a kan wani ƙaramin gargare mai juyawa da tsananin sauri. Ba ya nuna hoto in an tsai da shi, kuma in an tada shi sai ya ɗauki 'yan sakanni kafin hoton ya daidaita. Don haka aka saba ajiye tef baya da farkon shiri da kamar sakan goma. Ma'anar wannan ita ce, mai jan ragama zai ba da umurnin a tada inji tun mai sanarwa yana tsakiyar magana, shi kuma mai sanarwa ya auna bakinsa har kalmarsa ta ƙarshe ta faɗi daidai da hoton farko. In ya gama da wuri, a yi shiru. In ya makara, kiɗan shirin ya hau kansa. Wannan ƙidaya ta sakan goma ita ce zuciyar sana'ar, kuma sau da yawa ake yin ta a kowane dare.

Daga baya abubuwa suka yi sauƙi. Kamfanin Sony ya kawo kaset ɗin U-matic a 1971, da Betacam a 1982, har aka ƙera injuna masu ɗauke da kaset da dama, suna zaro tallace-tallace ɗaya bayan ɗaya bisa tsari.

Ranar da abu ya ɓaci

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Fim yakan tsinke, ƙurar hunturu takan toshe kan inji, wuta takan ɗauke kafin janareta ya kama. Saboda haka kowane ɗaki yana da katin ban haƙuri a gaban wata kyamara, da kiɗa a shirye, da ɗan gajeren fim na ko-ta-kwana. Ko manya ba su tsira ba. Ran 20 ga Afrilu 1964, daren da BBC ta shirya buɗe tasharta ta biyu, gobara a tashar wutar lantarki ta Battersea ta jefa yammacin Landan cikin duhu, aka ɗage bikin sai washegari. Ita BBC ɗin, tambarinta na ƙwallon duniya mai juyawa, wanda ta fara nunawa a 1963, ƙwallo ne na gaske da aka ɗora gaban kyamara, kuma sai a watan Fabrairu 1985 kwamfuta ta karɓi aikin zana shi.

Agogo ɗaya ga ƙasa duka

A 1975 tashar Binuwai-Filato da ke Jos ta zama ta farko da ta watsa hoto mai launi a Nijeriya. Sa'an nan gwamnatin soja, da doka mai lamba 24 ta 1977, ta haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin hukuma ɗaya, watau NTA. Wannan ya ɗora wa ɗakunan sakin shirye-shirye wani sabon nauyi. Da, in tasha ta makara da minti biyu, tsakaninta da masu kallonta ne. Daga nan kuwa labaran ƙasa suka riƙa tasowa daga Ikko da ƙarfe tara na dare, ba sa jiran kowa. Ma'aikacin Kaduna ko Kano ko Sakkwato dole ya ƙidaya baya tun daga ƙarfe tara, ya san abin da zai rage da abin da zai ƙara, ya sauke shirin gida, ya shiga layin ƙasa a kan sakan. Bayan an yi taken ƙasa an rufe tasha, sai ya cika littafin aiki: me aka nuna, ƙarfe nawa, me ya faru, wace talla ce ta fita. Da wannan littafi ake karɓar kuɗin talla, da shi ake amsa tambayar na sama.

Abin da aka rasa, da abin da ya tsira

Tef yana da tsada, don haka tashoshi a ko'ina, har da BBC, sukan goge tsohon shiri su ɗora sabo. Ta haka aka yi asarar ayyuka masu yawa. Su kuwa finafinan da ake saya daga waje, yawo suke yi daga tasha zuwa tasha, a ƙarshe a mayar ko a lalata. A watan Oktoba 2013 aka ba da sanarwar gano kashi tara na wasan Doctor Who, na shekarun 1967 da 1968, waɗanda BBC ta daɗe da rasawa. A wani ɗakin ajiya na gidan talabijin a Jos aka same su, cikin gwangwanayensu. Tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu ita ce: wasanninmu na Hausa, da hawan salla, da hirarrakin dattawa da aka ɗauka a waɗannan shekaru, a wane ɗaki suke, kuma wa ke riƙe da rajistarsu?

Kammalawa

Tun daga shekarun 1990 kwamfuta ta fara maye gurbin injunan nan, ƙidayar sakan goma ta zama tarihi. Amma ɗabi'un da sana'ar ta koyar suna nan da amfaninsu ga duk mai riƙe da aikin jama'a: a yi lissafi kafin lokaci ya zo, a ajiye abin ko-ta-kwana kusa da hannu, a rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Ku ɗalibai kuma, da yawa daga cikin waɗanda suka zauna a waɗannan ɗakuna masu duhu sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ku neme waɗanda suka rage, ku ɗauki bayaninsu, ku bi sawun littattafan aikinsu tun gara ba ta gama da su ba.