Labarin Kula da Gajiyayyu a Ƙasar Katsina ta Kudu

Wanda ya tsaya a mararrabar Dayi, inda hanyar Kano ta Gwarzo ta haɗu da wadda ta taso daga Funtuwa ta bi ta Malumfashi, ba zai daɗe ba sai ya ga tsoho bisa sanda, ko makaho da ɗan jagora, ko gurgu yana jan jiki. In ya kasance mai tunani ne, lalle ya tambayi kansa, shin nauyin waɗannan bayin Allah a wuyan wa ya ke? Tambayar ba sabuwa ba ce. Ta sha gaban En'e ta Katsina tun farkon kafuwarta, ba ta kuwa taɓa zuwa ta iske kuɗi sun wadata ko ma'aikata sun isa ba. Don haka, ya ku tsofaffin ma'aikatan En'e da ku magadansu, ya kamata mu duba yadda na gaba suka yi, gama waiwaye adon tafiya ne.

Kafin zuwan Turawa abu uku ne ke riƙe da gajiyayye a ƙasar nan. Na fari gandu. Uba da 'ya'yansa da ƙannensa suna noma gona guda, suna ci daga rumbu guda, in ƙarfin mutum ya ƙare ba a yanke masa tuwo. Na biyu zakka, watau dami ɗaya cikin goma na hatsin damina, wadda shari'a ta ce fakirai da miskinai su ne a gaba wajen cinta. Na uku sarautun nakasassu, kamar Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, waɗanda ke shugabantar jama'arsu, suna raba musu rigima, suna kai kukansu gaban masu mulki. Kada a ce zamanin nan ba shi da aibi. Duk ukun nan a kan damina su ke tsaye, in ta yi gardama sai su faɗi tare, kamar yadda aka gani a yunwar Kakalaba ta 1914.

Da Turawa suka kama ƙasa sai aka tattara kuɗin ƙasa da zakkar hatsi da sauran kuɗaɗe iri iri, aka mai da su haraji guda. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka kafa Baitulmali a Katsina da shawarar Mista Palmer, Baturen mulki na lokacin. Katsina ce ta buɗe wannan hanya, zuwa 1911 sauran masarautu sun bi. Rabin haraji na Gwamnati, rabi na En'e. Daga rabon En'e a ke biyan Sarki da hakimai da alƙalai da dogarai, a ciyad da 'yan sarƙa, a gyara hanyoyi. To, ga inda gizo ya yi saƙa. Abin da ke fita daga gonar talaka da sunan zakka ya koma fam da sule cikin littafin Ma'aji, littafin kuwa ya yi wa albashi wuri mai faɗi, bai yi wa miskini ba.

Amma akwai alheri guda da ba a cika tunawa da shi ba. Ko wace shekara a kan yi ƙirgen masu haraji. Mai unguwa ya faɗa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, malamin haraji ya rubuta. Tsoho tukuf da makaho da wanda ciwo ya kwantar, a kan ɗauke musu haraji. Sabo da haka, ko da ba a ba su kome ba, hukuma ta san da zamansu, tun daga ƙauye har ofishin Galadima a Malumfashi ko na Sarkin Maska.

Ana nan sai kuɗi suka shigo ƙasar kudu ta hanyar auduga. Aka kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, jirgin ƙasa daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Samari suka ɗanɗana kuɗin hannunsu, gandu ya fara sassautawa. A 1928 an ɗaga rabon manyan En'e zuwa kashi 70 cikin ɗari, har aka soma shirin gina ɗakunan shan magani a gundumomi. Ba a jima ba kasuwar duniya ta faɗi a 1929, auduga da gyaɗa suka rasa daraja, Gwamnati ta mai da rabon En'e kashi 60. Ga ɗakuna an gina, ga masu ciwo sun yi jerin gwano, amma malamin da zai zauna ciki ya yi wuyar samu, gama yaran da suka yi karatun boko ba su taka kara sun karya ba, ko wane ofis kuma hannu ya ke miƙo musu.

Inda matsin nan ya fi bayyana shi ne sha'anin kuturta. Mai wannan ciwo ba jinyar mako guda ya ke bukata ba. Yana bukatar magani na shekaru, da mai wanke masa miki, da abinci, da wurin kwana. En'e ta keɓe wuri a Babbar Ruga, yamma da birnin Katsina bisa hanyar Batsari, amma ba ta da likitan da zai zauna can. Wajen 1937 aka daidaita da mishan ta Sudan Interior, ita ta kawo likita da masu jinya, En'e ta ɗauki nauyin fili da gine-gine da taimakon ciyarwa. Haka aka yi a Yadakunya ta ƙasar Kano da Amanawa ta ƙasar Sakkwato. Ba a yi shi cikin sauƙi ba, don sarakuna sun ji tsoron kada magani ya zama ƙofar wa'azi, balle ga yara, aka kuwa daɗe ana kai da kawowa a kan wannan batu. Duk da haka Sarki Dikko ya yarda.

Babbar Ruga ta yi amfani, mutane sun sami kulawar da ba su taɓa samu ba. Amma ku dubi al'amarin da idon mutumin Dayi. Tafiyar kwanaki ce a ƙafa, ƙafar kuwa ita ce ciwon ya ci. In ya je sai ya bar gona da mata da 'ya'ya shekara da shekaru, maganin lokacin kuma allurar wani mai ce ta itacen ƙasar Hindu, mai zafi, ba ta cika warkarwa ba. Ga shi kuma ko wane gado kuɗi ya ke ci, ba yadda za a yi gida guda ya ɗauki dukan masu ciwon lardi. Sai mafi yawa suka zauna gida suna ɓoye tabo, har ciwon ya cinye yatsu.

Sauƙi ya zo ta wata fuska. A ƙarshen shekarun 1940 Likita Lowe ya tabbatar a Uzuakoli, can ƙasar Ibo, cewa ƙwayar dafson mai araha, in an sha ta kaɗan kaɗan, tana kashe ciwon. A farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Usman Nagogo, Likita Ross ya shimfiɗa sabon tsari a Arewa. Maimakon a tara masu ciwo wuri ɗaya, sai a koya wa yaran ƙasa aikin cikin ɗan lokaci, a sa musu albashi, su riƙa raba ƙwaya mako mako a ɗakin shan magani ko a gindin itace. Malamin kuturta ya kira suna, ya duba tabo, ya ba da ƙwaya, ya rubuta. Mai ciwo ya sha, ya koma gonarsa kafin azahar. Da haka magani ya kai ga jama'ar da gidajen jinya ba su taɓa iya ɗauka ba, da kuɗin da bai kai na gado ba. Daga baya aka sami haɗin magunguna mai warkarwa cikin watanni, har a 1998 Nijeriya ta kai mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa na rage ciwon, ko da ya ke har wa yau ana samun masu kamuwa.

A 1976 aka rushe tsarin En'e, ƙananan hukumomi suka gaje ta. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har 1987. Talakawa sun yi murna, suna kuwa da gaskiya, gama an sha zalunci wajen karɓa. Sai dai ƙirgen nan na shekara shekara ya sukurkuce. Yanzu akwai dokar Tarayya ta kafa cibiyar kula da tsofaffi, wadda aka sa wa hannu a 2018, da ta hana wariya ga nakasassu ta 2019. Amma doka ba ta wanke miki, ba ta kai fura bakin tsohuwa. Samari sun watsu birane neman abinci, 'yan bindiga kuma sun tashi ƙauyuka da dama a kudancin jihar cikin shekarun nan, wanda ba ya iya gudu shi ya fi shan wuya.

To, abin da labarin nan ke koya mana a fili ya ke. Ba a taɓa yin shekarar da Ma'aji ya ce kuɗi sun yi yawa ba, wanda ya ce sai sun wadata zai fara, ba zai fara ba har abada. Abin da ya yi tasiri shi ne a san gajiyayye da sunansa da gidansa, a kai masa taimako inda ya ke, a hannun ɗan ƙasa wanda aka koya wa aiki, a kuma biya shi ɗan albashinsa ran da wata ya mutu ba tare da jinkiri ba. Ginin ƙasaita ya kan burge baƙo, amma malami mai keke da littafi shi ya isa ƙofar mutumin Dayi. Mai unguwa yana nan, dagaci yana nan, hakimi yana nan, littafi da alƙalami ba su fi ƙarfin kowa ba.

Ku kuwa da ke riƙe da alƙalami yau, ku tuna tsufa riga ce da ke jiran ko wane mai tsawon rai. Allah ya ji ƙan waɗanda suka yi wannan aiki kafinmu, ya ba na baya ikon riƙe amana. Amin.