Mai ba ɗalibai shawara a makaranta: yadda ake samun takardar shaidar wannan aiki

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar BEPC da ta BAC ya fito, tambaya guda ce ke zagaya gidaje daga Yamai har Damagaram: ina yaron nan zai dosa? Wanda ya ci BEPC, ajin seconde A zai shiga ko C, ko kuwa makarantar fasaha irin Lycée Technique Ɗan Kasawa ta Maraɗi ta fi dacewa da shi? Wadda ta samu BAC D, likitanci za ta nema ko aikin gona? Sau da yawa kawu ne ko wani maƙwabci da ya yi boko ke yanke hukunci, kuma kuskure a nan kan ci wa yaro shekara 2 ko 3, ya ci wa uwayensa kuɗin da suka sha wuya kafin su tara.

Akwai ma'aikacin da ake horarwa musamman domin wannan tambaya. Da Faransanci ana kiran sa conseiller d'orientation, a Hausa kuma mai ba ɗalibai shawara. A ƙasashen da suka tsara wannan sana'a, ba a riƙe muƙamin sai an bi matakai uku: karatun jami'a mai zurfi, horon gwaji a cikin makaranta a ƙarƙashin idon wani gwani, sannan amincewar hukuma ta hanyar jarrabawa ko rajista. Yadda ake bin matakan ne ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Mene ne aikinsa?

Mutane kan haɗa shi da wasu ma'aikatan makaranta, alhali kowa da fagensa. Surveillant shi ne mai kula da ladabi da zuwan ɗalibai a kan lokaci. Censeur yana riƙe da jadawalin darussa da tafiyar karatu. Conseiller pédagogique kuwa malamai yake bi, yana gyara masu dabarun koyarwa. Shi mai ba da shawara da ɗalibin kansa yake zama.

Yana duba makin yaro na shekaru, ya saurare shi, wani lokaci ya yi masa gwaji na musamman don gano inda basirarsa da sha'awarsa suka karkata. Dole ya san makarantun da ke akwai, sharuɗɗan shigar su, guraben tallafin karatu da kuma sana'o'in da ake nema a kasuwar aiki. Ban da wannan, shi ne ake sa ran zai lura da ɗalibin da makinsa ya faɗi kwatsam, ko yarinyar da ta fara fashin zuwa aji saboda ana maganar aurenta a gida, ko yaron da ake zalunta a tsakar makaranta. Abin da ɗalibi ya faɗa masa sirri ne, sai fa in rayuwar yaron ko ta wani na cikin haɗari. Wannan nauyi na riƙe sirri da sanin lokacin da ya wajaba a sanar da hukuma yana cikin manyan dalilan da suka sa ba a ba kowa aikin don kawai yana da kirki ko ya daɗe yana koyarwa.

Inda sana'ar ta samo asali

A birnin Boston na Amurka ne wani malami mai suna Frank Parsons ya buɗe ofishin ba matasa shawara kan zaɓen sana'a a shekarar 1908, a lokacin da baƙin haure da ƴan ƙauye ke kwarara cikin birane neman aikin masana'antu. Ra'ayinsa shi ne matashi ya fara sanin kansa, ya san abin da kowace sana'a ke bukata, sannan ya auna biyun da hankali. Har yau a kan wannan tubali ake gini.

Abin ya bunƙasa ne bayan 1957, shekarar da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik. Amurka ta tsorata cewa an wuce ta a kimiyya, sai majalisarta ta yi doka a 1958 wadda ta ware kuɗi don horar da masu ba da shawara, su zaƙulo yara masu hazaƙar lissafi da kimiyya tun daga sakandare. A Faransa kuwa, masanin halayyar ɗan Adam Henri Piéron da abokan aikinsa sun kafa cibiyar horar da irin waɗannan ma'aikata a Paris tun 1928, wadda a yau ake kira INETOP.

Tsarin Amurka: kowace jiha da takardarta

A Amurka babu takarda guda ta ƙasa baki ɗaya. Kowace daga cikin jihohi 50 ita ke ba da nata lasisin ta hannun hukumar iliminta. Duk da haka hanyar kusan iri ɗaya ce.

Bayan digirin farko na shekara 4, mai neman aikin yana yin digiri na biyu, wato mastar, a fannin ba da shawara a makarantu, wanda kan ɗauki shekara 2 zuwa 3. Ana koyar da yadda yaro ke girma a jiki da tunani, dabarun tattaunawa da mutum guda ko da rukuni, yadda ake gudanar da gwaje-gwaje da fassara sakamakonsu, da kuma dokoki da ladubban aikin. Hukumar CACREP, wadda aka kafa a 1981 don tantance irin waɗannan kwasa-kwasai, ta shar'anta horon farko na awa 100, sannan babban horo na awa 600 a cikin makaranta, wanda aƙalla awa 240 daga ciki dole su kasance na aiki ido da ido da ɗalibai. Duk wannan ana yin sa ne a ƙarƙashin kulawar wanda ya riga ya mallaki lasisi.

Daga nan sai jarrabawa. Jihohi da dama na amfani da wadda ake kira Praxis, wasu kuma suna da tasu. Ana ɗaukar zanen yatsun mutum a bincika ko ya taɓa aikata laifi, tunda da yara zai yi aiki. Lasisin ba na har abada ba ne: a jihohi da yawa ana sabunta shi duk shekara 5, bayan mutum ya nuna shaidar ƙarin horon da ya halarta. Wanda ya ƙaura zuwa wata jiha kuma sai ya sake neman amincewar sabuwar hukumar.

Ƙungiyar masu wannan sana'a ta Amurka, ASCA, wadda ta fara aiki a 1952, tana ba da shawarar a samu ma'aikaci 1 ga ɗalibai 250. Ko a can ba a kai ga haka ba: a shekarar karatu ta 2022-2023 alƙaluman ƙungiyar sun nuna ma'aikaci 1 ne ga ɗalibai 385.

Tsarin Faransa: sai masanin halayyar ɗan Adam

Wannan tsari ya fi kusa da abin da ɗan Nijar ya saba gani, domin ƙofarsa jarrabawar gasa ce ta shiga aikin gwamnati, wato konkur. Tun daga dokar ranar 1 ga Fabrairun 2017, an haɗe tsofaffin masu ba da shawara na sakandare da masana halayyar yara na firamare cikin rukuni guda mai suna psychologues de l'Éducation nationale, a taƙaice PsyEN.

Rukunin ya kasu biyu. Ɓangaren EDA na aiki a makarantun firamare, tare da yaran da karatu ke ba wuya. Ɓangaren EDO na aiki a kwaleji da lise da kuma cibiyoyin ba da bayani da shawara da ake kira CIO, inda ɗalibi ko mahaifinsa kan je kyauta.

Kafin a tabbatar da mutum a wannan aiki, sai ya mallaki lisans da mastar duka a ilimin halayyar ɗan Adam, wato shekara 5 bayan BAC, haɗe da horon gwaji na awa 500. Dalili shi ne tun 1985 doka ta kare sunan psychologue a Faransa, wanda ya laƙaba wa kansa shi ba tare da takardun ba ya aikata laifi. Wanda ya ci konkur yana yin shekara 1 ta horo da albashi, yana raba lokacinsa tsakanin cibiyar horo da wurin aiki, kafin a tabbatar da shi.

Akwai wani sharaɗi da ɗaliban Afirka ya kamata su sani tun da wuri. Ɗan Nijar na iya yin mastar ɗin a jami'ar Faransa, amma konkur na zama cikakken ma'aikacin gwamnati an keɓe shi ga ƴan ƙasar da ƴan ƙasashen Tarayyar Turai da wasu ƙalilan da ke da yarjejeniya da ita.

A ƙasashen Afirka

Kamaru na cikin ƙasashen da suka ba aikin takarda ta musamman. Manyan makarantun horar da malamai, wato ENS, irin ta Yaounde da ta Marwa a arewacin ƙasar, suna ɗaukar masu lisans ta hanyar konkur, su horar da su shekara 2, su ba su takardar DIPCO, wato diplôme de conseiller d'orientation. A Senegal, makarantar ENSETP ta jami'ar Cheikh Anta Diop da ke Dakar ce ke horar da waɗanda ake kira psychologues conseillers.

Najeriya ta bi hanyar ƙasashe masu amfani da Ingilishi. Ana danganta farkon abin da shekarar 1959, lokacin da malaman makarantar ƴan mata ta St. Theresa da ke Ibadan suka gayyato ma'aikata daga fannoni daban-daban su yi wa ɗaliban ajin ƙarshe bayanin sana'o'insu. Ƙungiyar masu ba da shawara, wadda a yau ake kira CASSON, ta kafu a 1976, kuma manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a sa irin waɗannan ma'aikata a makarantun sakandare. A can ana iya fara karatun tun daga digirin farko na shekara 4 a tsangayar ilimi, a ci gaba zuwa digiri na biyu da na uku. Jami'o'in da ke kusa da mu, irin su Ahmadu Bello ta Zariya, Bayero ta Kano da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, duk suna koyar da fannin. A 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu sana'ar rajista.

Abin da ɗan Nijar zai duba kafin ya fara

Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma hanyoyin da ke gaban ɗalibi sun ƙaru ƙwarai. A da jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ce kaɗai ta gwamnati. Yanzu akwai ta Ɗan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ta André Salifou a Damagaram, ta Djibo Hamani a Tawa, da na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi, ga cibiyoyin koyon sana'a na CFM da kwalejojin fasaha na CET, ga kuma makarantu masu zaman kansu da ke buɗewa kowace shekara. Yawan ƙofofi na ƙara bukatar wanda ya san inda kowacce ke ɓullewa.

Ga mai sha'awar aikin, tushen da duk tsare-tsaren nan suka yarda da shi shi ne ilimin halayyar ɗan Adam ko kimiyyar ilimi, wato sciences de l'éducation. Lisans a ɗaya daga cikinsu ne matakin farko, kuma kamar yadda misalan Amurka, Faransa da Kamaru suka nuna, cikakken horon kan kai shekara 5 ko fiye bayan BAC. Malamin da ya riga ya yi shekaru a aji yana da riba, domin ya san yara kuma ya san makaranta, amma hakan ba ya ɗauke masa karatun.

Abu na biyu shi ne ingancin takardar. Wanda zai yi karatu a waje ya tabbatar hukumomin ƙasar sun amince da makarantar, ya kuma san cewa in ya dawo gida zai nemi takardar daidaita digiri, wato équivalence, kafin ya shiga konkur na gwamnati. Tsakanin ƙasashe masu amfani da Faransanci, majalisar CAMES mai hedikwata a Wagadugu, wadda aka kafa a 1968 kuma Nijar na cikinta, tana tantance digirorin makarantu. Duba ko kwas ɗin na cikin waɗanda ta amince da su ya fi sauƙi kafin a biya kuɗi.

Abu na uku, a yi hattara da tallace-tallacen Facebook da WhatsApp masu alƙawarin mai da mutum ƙwararren mai ba da shawara cikin mako 6 ta intanet. Irin wannan takarda shaidar halarta ce kawai. Duk horon da babu zama da ɗalibai na gaske a cikinsa, a ƙarƙashin mai dubawa, ya rasa ɗaya daga cikin matakai ukun da aka ambata, kuma babu ɗaya daga cikin tsare-tsaren da muka zayyana da ke karɓar sa a madadin digiri. Sanarwar konkur da ma'aikata ke fitarwa ita ce ke bayyana takardun da ake bukata, shekarun haihuwa da yawan gurabe, don haka ita ce abin karantawa da kyau, ba jita-jitar fada ba.

Akwai kuma abin da ba ya cikin takardar Paris ko ta Boston. Mai wannan aiki a Tasawa ko Birnin Ƙonni zai zauna da mahaifin da bai taɓa shiga aji ba, ya yi masa bayanin bambancin seri A da seri D da Hausa, ya gamsar da shi cewa koyon aikin lantarki ba faɗuwa ba ce, ko kuma ya roƙi a bar yarinya ta ƙarasa aji huɗu na kwaleji. Dokar gwamnati ta watan Disamban 2017 kan kare ƴan mata da tallafa masu a lokacin karatu ta ba shi madogara, sai dai iya magana da sanin darajar manya su ne za su sa a saurare shi. Su ma uwaye suna da haƙƙin tambayar makarantar ƴaƴansu, ta gwamnati ce ko mai zaman kanta, wane ne ke ba yara shawara a nan kuma wane horo ya samu. Matambayi dai ba ya ɓata.