Takura da sauyin hali ga hawainiya sabuwar kamu

Takura ga hawainiya sabuwar kamu wani yanayi ne na tsoro da rashin natsuwa da hawainiya ke shiga bayan an raba ta da inda take rayuwa an ajiye ta a keji, kwali ko ɗaki. Alamominsa sun haɗa da duhun launi, hangame baki da huci, ƙin cin abinci, da yawan kai-kawo don neman hanyar fita. Wasu alamomin kan wuce cikin kwanaki kaɗan idan an gyara mata wurin zama kuma an daina taɓa ta. Wasu kuwa suna nuna ƙishirwa mai tsanani ko cuta da kan kai ga mutuwa. A ƙasar Yauri da ke kudancin jihar Kebbi, kamar sauran ƙasar Hausa, hawainiyar da ake gani a hannun mutane kamun daji ce daga gona ko bakin ruwa, ba ƙyanƙyasar keji ba, shi ya sa takurar kan fi yi mata tsanani.

Suna

A nahawun Hausa kalmar hawainiya tana cikin jinsin mace, ko da dabbar namiji ce. Wasu na furta ta wahainiya, inda baƙaƙen h da w suka yi musayar gurbi. Hausawa na cewa aiki yana tafiyar hawainiya idan ba ya sauri, suna kwatanta mai sauya magana da rikiɗar hawainiya, kuma suna gargaɗi da cewa hawainiyarka ta kiyayi ramata. Sanyin tafiya da rikiɗar launi halaye ne na dabbar ko tana cikin ƙoshin lafiya, don haka su kaɗai ba sa nuna takura.

Ire-iren da ake samu a yankin

Akwai ire-iren hawainiya fiye da 200 a duniya, kusan rabinsu a tsibirin Madagaska. Masarautar Yauri, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri, Ngaski da Shanga, tana gefen kogin Neja da tafkin Kainji da ya samu bayan kammala madatsar ruwan Kainji a 1968. Yankin na cikin faɗin ƙasar da ake samun ire-ire biyu na hawainiyar dajin sabana.

Na farko shi ne Chamaeleo africanus, wanda Laurenti ya bayyana a 1768. Tsawonsa har da jela kan wuce santimita 30, yana da tudu mai tsayi a ƙeya, kuma namiji na da ɗan tsini a dunduniyar ƙafar baya. Na biyu shi ne Chamaeleo senegalensis, wanda Daudin ya bayyana a 1802. Ya fi ƙanƙanta, tsakanin santimita 20 zuwa 30, kuma ƙeyarsa a kwance take. Akwai kuma Chamaeleo gracilis, wanda ya fi yawa a kudu inda laima ta fi yawa. Dukkansu suna zama a kan rassa, suna cin ƙwari, kuma kowace ita kaɗai take rayuwa sai lokacin barbara. Babu mai dafi a cikinsu, duk da tsoron da mutane da yawa ke yi musu.

Yadda takura ke aiki a jiki

Hawainiya ba ta da gudu kuma ba ta da makamin kare kai mai ƙarfi. Kariyarta ita ce ɓuya a cikin ganye. Idan aka kama ta da hannu, musamman daga sama, jikinta na ɗaukar hakan tamkar farmakin shaho ko maciji. A irin wannan lokaci jikin dabbobi masu jan ciki kan fitar da wani sinadari mai suna kotikosteron, wanda ke tara ƙarfi don tsira. Hakan na da amfani na ɗan lokaci. Amma idan abin tsoron bai gushe ba, sinadarin kan daɗe da yawa a jini, ya rage sha'awar abinci, ya kuma raunana garkuwar jiki. Hawainiyar daji kan zo da tsutsotsi da wasu ƙwayoyin cuta da jikinta ke iya riƙewa a da. Da garkuwar ta yi rauni sai su fi ƙarfinta. Wannan ne ya sa sabuwar kamu kan yi kamar lafiya lau a farko, sannan ta rame ta mutu bayan wasu makonni.

Launi

Rikiɗar launi ba don sajewa da wuri kaɗai ba ce. Tana da alaƙa da zafin jiki, haske, da halin da dabbar ke ciki. A 2015 masu bincike a Jami'ar Janiba da ke Suwizalan sun nuna, a kan wata hawainiyar Madagaska, cewa a cikin fata akwai ƙananan ƙyalƙyalai na sinadarin guwanin, kuma sauya tazarar da ke tsakaninsu na sauya launin hasken da fatar ke mayarwa. Duhu kuwa na zuwa ne daga yaɗuwar baƙin sinadarin melanin a fata.

Hawainiya mai natsuwa a yankin sabana yawanci koriya ce ko ruwan ƙasa mai haske. Da safe takan yi duhu ta baje gefen jikinta ga rana don ɗaukar ɗumi, da dare kuma takan yi fari-fari tana barci a ƙarshen reshe. Duhun da ke nuna takura shi ne wanda ke zuwa da ɗigo-ɗigon baƙi idan mutum ya matso, ko wanda ya ƙi wucewa duk yini alhali babu sanyi.

Alamomi

Masu kiwo da likitocin dabbobi kan raba halin sabuwar kamu gida uku.

Halin da ba na ciwo ba ne:
- Tafiya tana rangaji gaba da baya, kamar ganyen da iska ke kaɗawa.
- Kowane ido na juyawa ta gefensa.
- Zagayawa bayan reshe don ɓuya idan an kalle ta.
- Dushewar launi da rage cin abinci gab da saɓar fata.

Alamomin takura da kan wuce:
- Kumbura jiki da maƙogwaro, hangame baki, huci, ko kai cizo.
- Ƙin cin abinci na kwanaki kaɗan.
- Hawa bangon keji ba tsayawa, ko goga hanci a jikin raga.
- Sakin reshe ta faɗo ƙasa, ko sandarewa kamar ta mutu.

Alamomin haɗari:
- Rufe ido ko barci da rana. Hawainiya mai lafiya idonta a buɗe yake muddin akwai haske.
- Zurmawar idanu ciki, da farin ɓangaren kashinta ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan goro, wanda ke nuna ƙarancin ruwa a jiki.
- Kwanciya a ƙasa da kasa riƙe reshe.
- Kumfa ko yauƙi a baki, numfashi da ƙara, da ɗaga kai sama.
- Kumburi ko mugunya a dasashi.

Akwai hali guda da ake yawan yi wa gurguwar fahimta. Mace mai ɗauke da ƙwai kan sauko ƙasa tana yawo tana tono, domin a rami take binne ƙwanta, waɗanda kan kai gommai a lokaci ɗaya. Idan ba ta samu ƙasa mai laushi da danshi ba, ko kuma ana kallonta tana tono, takan riƙe ƙwan a ciki har su kashe ta.

Abubuwan da ke ƙara takura

Taɓawa. Hawainiya ba ta sabo da mutum irin na kyanwa ko kare. Wadda ta yi shiru a hannu ta rufe ido ba jin daɗi take yi ba, tsoro ne ya ci ƙarfinta. Fizgo ta daga reshe kan karya mata farce ko yatsa, saboda ƙarfin riƙonta.

Zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin rana a yankin Yauri kan kai kusan digiri 40. A daji takan shige inuwar ganye. A cikin bokiti, kwalba ko ɗaki mai rufin kwano ba ta da mafaka, kuma hangame baki a wannan hali alamar zafi ce mai iya kisa cikin ɗan lokaci.

Ƙishirwa. Hawainiya ba kasafai take shan ruwan da ke kwance a kwano ba. Raɓa da ɗigon ruwan sama take lasa a jikin ganye. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska a bushe take, don haka wadda aka ajiye da kwanon ruwa kaɗai na iya mutuwa da ƙishirwa ruwan na gabanta.

Rashin hasken rana. Jikinta na buƙatar hasken rana kai tsaye don samar da bitamin D3, wanda ke taimaka wa ƙashi ya samu kalsiyam. Gilashin taga na tare ɓangaren hasken da ke wannan aiki. Bayan watanni a cikin ɗaki ƙasusuwa kan yi laushi su lanƙwashe.

Maƙwabta. Ganin wata hawainiya, ko hoton kanta a madubi ko gilashi, kan sa ta zama cikin shirin faɗa. Haka kuma kaji, kyanwa da giftawar mutane, musamman idan kejin na ƙasa.

Abinci. Fara da sauran ƙwarin da aka kamo a gonar shinkafa ko albasa da aka yi wa feshi na iya ɗauke da guba.

Kulawa a makonnin farko

Shawarar masu kiwo ita ce a bar sabuwar kamu ba tare da taɓawa ba na mako ɗaya zuwa biyu. Kejin raga mai tsayi da iska ke ratsawa ya fi kwali ko gilashi. Ana ɗora shi a sama, a cika shi da rassa masu ganye yadda za ta ɓuya gaba ɗaya. Ana guje wa tsire-tsire masu guba irin su tumfafiya. Ana yayyafa ruwa a kan ganyen safe da yamma, ko a rataya gwangwani mai ƙaramin huji ya riƙa ɗiga. Ana ba ta ranar safe tare da inuwar da za ta koma. Abincinta ƙwari ne masu rai, kamar fara, gyare da ƙuda, waɗanda girmansu bai wuce faɗin kanta ba. Ga mace ana ajiye bokiti mai zurfi cike da ƙasa mai danshi. Idan dole ne a ɗauke ta, ana sa mata sanda a gaba ta hau da kanta. Ana wanke hannu da sabulu bayan haka, domin dabbobi masu jan ciki kan ɗauki ƙwayar cutar Salmonella.

Alamomin haɗari na buƙatar likitan dabbobi. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A New Bussa, kusa da madatsar Kainji, akwai kwalejin tarayya ta kula da namun daji.

Mayarwa daji

Ga hawainiyar da aka kama a kusa kuma ba ta daɗe a hannu ba, magani mafi sauƙi shi ne a mayar da ita inda aka ɗauko ta, a ɗora ta a kan reshe mai ganye da sanyin safiya ko na yamma. A can tana amfanar manomi da cin fara da sauran ƙwari. Wannan bai shafi ire-iren da aka shigo da su daga waje ba. Hawainiyar Yaman, Chamaeleo calyptratus, da ta kuɓuce ko aka saki a Amurka ta hayayyafa a dajin jihohin Fulorida da Hawayi, inda ake ɗaukarta baƙuwar halitta mai iya cutar da na gida.

Fatauci da doka

An sha fitar da Chamaeleo senegalensis da Chamaeleo gracilis da yawa daga Togo, Benin da Gana zuwa kasuwannin dabbobin gida na Turai da Amurka, kuma takurar hanya ta sa da yawa sun isa a galabaice. Ana kuma sayar da busasshiyar hawainiya a kasuwannin maganin gargajiya na Afirka ta Yamma, irin su kasuwar Akodessewa da ke Lome. Dukkan ire-iren Chamaeleo na cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a 1973 ta fara aiki a 1975. Ma'anar haka ita ce ba a fitar da su daga ƙasa sai da takardar izini. Najeriya na cikin yarjejeniyar, kuma a 1985 ta kafa doka kan fataucin halittun da ke fuskantar barazana, wadda aka yi wa gyara a 2016.