Masu Gwada Ƙofar Shiga

A sana'armu ta gwada manhaja, aikin da ake fara miƙa wa sabon hannu shi ne shafin shiga: gurbin suna, gurbin kalmar sirri, da maɓalli ɗaya. Sai ya jera abin da aka koya masa. Kalma daidai, a shiga. Kalma ba daidai ba, a hana. A bar gurbi fanko a ga abin da zai ce. A yi ta kuskure a jere a ga ko zai kulle. Tun bayan da Jason Huggins ya fito da Selenium a 2004, kwamfuta ce ma ke yin wannan ɓangaren da kanta cikin dare.

Jerin nan duka ya dogara ne kan zato guda, wato mutum ɗaya, waya ɗaya, layi ɗaya, sabis kullum. Wanda ya tashi a Sabon Layi a Mubi ya san abin ba haka yake ba, shi ya sa nake ganin a wajenmu tarihin wannan aiki ya faro ne daga kafe da teburan masu caji da masu gyaran waya.

Wajen 2010, ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da na Jami'ar Jihar Adamawa sun cika 2go da Facebook a kan ƙananan Nokia, unguwa kuma ta bi sahu. Mutane da yawa ba da hannunsu suka buɗe shafi ba. Yaron shago ne ya buɗe musu, ya ƙirƙiri imel ɗin da ba wanda zai sake leƙawa, ya sa lambar wayarsu a matsayin kalmar sirri, ranar haihuwa kuwa 1 ga Janairu. Ran da waya ta lalace, sai mutum ya dawo yana neman shafinsa. Nan muka koyi cewa wahalar duk tana wajen komawa ciki.

Akwai wata dabara ta Facebook a shekarun nan da har yau take ba ni dariya. Idan suna shakkar kai ne, sai su nuna maka hotunan da aka maƙala sunayen abokanka, su ce ka faɗi wane ne. A Amurka fuskar abokin ce za ta fito. A nan kuwa mutane suna maƙala sunan juna a hoton fure, da gaisuwar Juma'a, da 'yan wasan Kannywood. Sai ga magidanci ya zuba wa hoton masallaci ido, ana tambayarsa wanne ne cikin abokansa.

Sai 2013. A watan Mayu gwamnatin Jonathan ta kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse sabis, ba a maido da shi a Adamawa ba sai a Yuli. Duk tsarin da ke turo lambar tabbatarwa ta saƙon waya ya zama banza. A ƙarshen Oktoban 2014 Boko Haram ta ci Mubi, jama'a suka bazu Yola da ƙauyukan Kamaru, wasu da kayan jikinsu kawai. Mutum ya rasa waya da sim, ya ari wayar wani a garin da bai taɓa shiga daga cikinsa ba, yana so ya sanar da 'yan'uwa yana raye. A idon manhaja, sabuwar waya da sabon wuri da rashin layi alamun ɗan kutse ne sak, kuma wanda ya rubuta ta bai yi kuskure ba a lissafinsa. Ba a dai taɓa ba shi ɗan gudun hijira ya gwada da shi ba.

Manyan kamfanoni sun farga sannu a hankali. A 2015 Facebook ya fitar da Facebook Lite, ya kuma ware Talata don ma'aikatansa su ɗanɗana intanet mai jan ƙafa irin namu. A 2016 Hausa ta shigo Facebook. Amma a Satumbar 2018 aka gano cewa kurakurai uku sun haɗu sun ba ɓarayi damar kwashe alamar shiga ta mutum kusan miliyan 30. Alamar nan kamar ɗan katakon da mai caji ke ba ka ne: duk wanda ya kawo shi, shi za a miƙa wa waya. Kalmar sirrin kowa na nan lafiya, an dai shiga. Ba gwaji ko ɗaya a jerin sabon hannu da zai kama wannan.

Yau idan aka ba ni shafin shiga, nakan fara da lamba mai sifili a gaba da mai +234, sannan +237, don ɗan kasuwar shanun Mubi yakan riƙe layin Kamaru. Ina jinkirta saƙo har lambar ta mutu kafin ta iso. Ina sa ƙ da ɗ a kalmar sirri, in koma wayar da ba ta da su. Ina gwada wayar da miji da mata da ƙane ke amfani da ita tare.

Wanda ya fi damuna shi ne layin da aka sake sayarwa. Tun da aka wajabta haɗa sim da NIN a Disambar 2020, layuka da yawa sun mutu a hannun masu su, layin da ya daɗe a mace kuwa wani ake ba wa. Sabon mai shi ya danna cewa ya manta kalmar sirri, lamba ta zo masa, ya faɗa cikin hirarrakin matar da bai taɓa gani ba. A takardar gwaji za a rubuta an yi nasara, tunda lambar ta tafi layin da aka yi rajista da shi, kuma ta iso a kan lokaci.